Ranar da Aka Tsige Kansila

Mutanen Tudun Ɗorawa, wani ɗan ƙauye da ke bayan Yako a ƙasar Kiru, suna da tafki guda ɗaya, kuma ba su yarda da shi ba. Da damina ba sa kula shi, domin ruwa yana ko'ina. Da kaka da hunturu rafin da ke gangaren gari suke kai dabbobinsu. Sai bazara ta kama, rafi ya ƙafe ya koma yashi, sannan kowa ya tuna da tafki. A lokacin kuwa shi ma ya ja baya, ya yi kauri, ya canza launi. Wata shekara ruwan lafiya lau ne, wata shekara yakan kwantar da dabba.

Saboda haka kakanninsu suka kafa wata al'ada. Kafin a buɗe tafki ga dabbobi, sai an ba tsuntsu ruwan ya sha, a kwana a gani. Idan gari ya waye tsuntsun yana kan ƙafafunsa, to an buɗe. Idan ya wayi gari ƙafafu a sama, sai a kewaye tafkin da ƙaya, kowa ya ɗauki shebur a tafi tonon yashin rafi a nemi ruwa a ƙarƙashi, aikin da babu mai so. Mai kula da wannan gwaji ana ce masa Sarkin Ɗanɗano. Ba shi da rawani, ba shi da fada, sai alfarma guda: ranar da ya ce ruwa ya yi, dabbobinsa ne ke fara sha, kafin na kowa su shiga su dagula.

Lado ya gaji sarautar daga mahaifinsa. Mahaifin nasa da ɗan shila yake gwaji, haka ma kakansa. Lado ma da ɗan shilar ya fara, har ranar da matarsa Zuwaira, wadda duk tantabarun gidan nata ne, ta tare shi a bakin zaure.

"Malam, sarautar nan taka ce ko tawa? Kai ne sarki, amma 'ya'yan tantabaruna ke biyan haraji."

"Ai ba kullum suke mutuwa ba."

"Wanda ya rayu ma ba ya dawowa. Sai dai in ji ƙamshin farfesu daga zauren mai unguwa."

Lado bai yi musu ba, domin da shi ake shan farfesun. Ya waiga tsakar gida yana neman mafita, sai idonsa ya sauka a kan wani toron agwagwa da ke kwance a cikin kwatami. Babba ne, mai jar fuska kamar wanda aka kama yana ƙarya. Wannan toro ya taɓa cinye guntun sabulu, ya sha ruwan wanki, ya haɗiye murfin kwalba, ko atishawa bai yi ba. Mutanen gida suna kiransa Kansila, saboda yana ci ba ya godiya, ba abin da ke samunsa, kuma ba a ganinsa sai lokacin rabon dusa.

"Tsuntsu ai tsuntsu ne," in ji Lado ga dattawa da ya kai musu maganar. "Kakanninmu cewa suka yi a ba tsuntsu, ba su ce wane ba. Kuma ku faɗa mini gaskiya, tsakanin agwagwa da tantabara, wa ya fi sanin ruwa?"

Dattawa suka ga magana ce. Tun daga wannan shekara Kansila ya kama aiki, kuma bai taɓa cewa a'a ba. Shekara da shekaru babu wanda ya ɗauki shebur ya nufi rafi. Gaskiyar magana, ruwan waɗannan shekarun bai kai ga cutar da kowa ba, amma yabon ya tafi ga Lado da agwagwarsa. Har a kasuwar Yako ana ba da labarinsu.

Sai ga wannan shekara. Noman rani ya bunƙasa a tudun da ke saman tafkin, tumatir da albasa ko'ina, an zuba takin zamani ba ƙaƙƙautawa, ragowar ruwan ban-ruwa yana gangarowa da shi. Zafi kuma ya zo da wuri. Tafki ya yi kore shar, ba irin koren da aka saba gani ba. Samansa ya yi kauri kamar an kaɗa miyar kuka, iska ta tattara kumfar ta kai ta gaɓar gabas, daidai mashigar shanu. Ga wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen ganye.

Ranar gwaji da hantsi, Lado ya rungumo Kansila a hammata, dattawa na biye. A gaba akwai mai unguwa Balarabe, wanda taubashin Lado ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, don haka duk abin da ya ga dama yake faɗa masa.

"Riƙe shi da kyau, Sarki," in ji Balarabe. "A gidanku shi kaɗai ke aiki."

"Shi dai yana shiga ruwa," Lado ya ce. "Kai rabonka da ruwa tun ranar sunanka."

Aka jefa Kansila. Ya keta kumfar bakin gaɓa, ya nufi tsakiya inda ruwan ya fi sauƙi, ya tsoma kai, ya sha, ya bubbuga fikafikai. Can ya dawo da koren gemu, ya hau gaɓa, ya zagaya dattawa a hankali kamar mai neman ƙuri'a, ya tsaya a kan takalmin mai unguwa ya yi abin da agwagi ke yi.

"Ya sa hannu," in ji Lado. "Sai gobe da safe."

Duk garin ya ji daɗi. Lado ya fi kowa, domin shanun huɗarsa biyu, Ja da Fari, sun rame. Ruwan rijiyar gida ya ja ƙasa, da guga ake tsamo musu ɗan abin da ba ya isarsu, ga shi damina na matsowa. Da waɗannan shanu yake huɗar gonarsa da ta Zuwaira da ta 'yan uwansa. In babu su, shekarar ta wuce gidan.

Bayan azahar Lado ya dawo gida ya tarar da Zuwaira tsugune a gindin bangon da ta jera tukwanen tantabarunta. A gabanta akwai faifai, a kan faifan akwai tantabaru a kwance. Wata ma ba ta gama cikawa ba, tana buɗe baki, wuya ya lanƙwashe.

"Me ya same su?"

"Ka duba bakinsu."

Ya duba. Akwai ɗan kore a gefen bakin kowace.

"Kaskon ruwansu ya bushe da rana ban lura ba," ta ce. "Suka tashi suka tafi tafkinka. Waɗanda suka tsaya a kan ƙwai ga su can, lafiyarsu ƙalau."

"Wataƙila ciwon kaji ne."

"Ga kaji nan suna tono. Malam, ka je ka zagaya tafkin da idonka, kada ka aiki Kansila."

Ya je, ba don yana so ba. A gaɓar yamma balbelu na tsaye farare tas, suna kiwon fara kamar ba abin da ya dame su. Wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin ruwa yana tunanin duniya. Kirinjijiya, agwagin daji, suna ta fito a tsakiya. Lado ya ce a ransa, to ai ga shi. Amma da ya zagayo gabas, inda kumfar ta taru, sai ya fara cin karo da kurciyoyi a kwance cikin taɓo, da 'yan ƙananan tsuntsayen da ke saukowa shan ruwa da rana. Wata kazar maƙwabta na gefe ta saki fikafikai, ta yi jugum, ba ta mutu ba, ba ta kuma da niyyar tashi. Zabin da suka zo tare da ita kuwa suna can cikin kara suna surutu.

Kafin la'asar labari ya kai gindin ɗorawa inda maza ke zama. Kowa ya zo da iliminsa. Wani ya ce sammu ne aka yi wa Zuwaira. Wani ya ce kurciya dama ba ta da ƙwari, ko tsawa aka yi sai ta suma. Balarabe ya bari aka gama, sannan ya gyara zama.

"Abin a fili yake. Ku lura da kaza in tana shan ruwa. Ta kurɓa, ta ɗaga kai sama, ta gode wa Mai sama. Agwagwa ma haka, zabuwa ma haka. Amma tantabara da kurciya? Su tsoma baki su yi ta zuƙa, ba ɗaga kai, ba godiya. To rashin godiya ne ya kama su."

Aka yi ta gyaɗa kai. Maganar ta yi wa kowa daɗi, domin ba ta da shebur a cikinta.

A gefe akwai Ɗantani, makiyayi ne da rugarsu ke bayan gari, ya jingina da sandarsa yana saurare. Mutum ne da ba ya gaggawar magana.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ina da 'yar tambaya."

"Faɗi, Ɗantani."

"Saniya fa? Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin ta ɗaga kai tana godiya ba. Tsoma baki take ta yi ta zuƙa, sak tantabara."

Wani dattijo ya fara duba ƙasan takalminsa.

"Kai Ɗantani, kullum sai ka ɓata wa mutane lissafi," in ji Balarabe. "Saniya tsuntsu ce?"

"A'a. Shi ya sa nake tambaya. Cikin maraƙina irin na agwagwa ne, ko irin na kurciya? In an faɗa mini, sai in san wanda zan bi."

Ana cikin haka sai ga saƙo daga cikin gida: Zuwaira ta aiko da wayarta, ta ce 'yar ƙaninta Khairiyya na kan layi. Khairiyya tana aikin kula da lafiyar dabbobi a Kiru. Lado ya karɓi wayar da yatsu biyu kamar garwashi, aka buɗe murya kowa ya ji. Ta gaida mai unguwa, ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali da zafi, sannan ta shiga magana.

"Kawu, Gwaggo ta faɗa mini abin da ta gani. Ba zan iya cewa ga irin gubar ba sai an gwada ruwan. Amma wannan koren abin gansakuka ce, kuma akwai irin da ke fitar da guba idan zafi ya yi yawa, taki kuma ya gangaro cikin ruwa. Inda iska ta tara kumfar, nan ta fi ƙarfi."

"Kansila ya sha," in ji Lado.

"A ina ya sha, Kawu?"

"A... cikin tafki."

"A tsakiya ya sha," in ji Ɗantani daga gefe.

"To ka gani. Kuma ko a gaɓar ya sha, tsuntsaye ba ɗaya suke ba. Girman jiki daban, yawan abin da suke sha daban, ƙarfin hanta daban. Balbela ma yawancin abincinta a tudu take samu. Akwai gubar da ke kama jijiya, ita wannan, agwagwa tana cikin masu saurin faɗuwa..."

"Alhamdu lillahi!" Balarabe ya tafa hannu. "Kansila bai faɗi ba, ashe babu ita."

"Ranka ya daɗe, ban gama ba. Akwai kuma wadda ke kama hanta. Ita wannan, agwagwa na iya shan abin da zai..."

Sai sabis ya ɗauke. Aka ɗaga wayar sama, aka juya ta gabas, wani ya hau kan turmi da ita, a banza.

"Abin da zai me?" in ji wani.

"Abin da zai ƙara mata lafiya," in ji Balarabe. Ya juya ga Lado. "Sarki, al'ada dai al'ada ce. Tsuntsun da aka ba ruwa shi ake dubawa, ba 'yan sa-kai da suka je suka sha ba a aike su ba. Ko dai tsoro kake ji? In sarautar ta fi ƙarfinka, ka miƙa wa matarka. Dama ita ke riƙe da wayar."

Aka fashe da dariya. Lado ya ji dariyar har cikin ƙashinsa.

"Gobe da safe," ya ce. "In Kansila na tsaye, an buɗe."

Da ya koma gida, Zuwaira tana ɗaure bakin tukwanen sauran tantabarunta da tsumma don kada su fita. Ta cika kasko da ruwan rijiya. Ba ta ɗago ba.

"Khairiyya ta sake kira," ta ce. "Ta ce ƙarshen maganar shi ne, abin da zai kayar da maraƙi. Ta ce kada a bar komai ya sha. Gobe za ta zo."

"Na riga na yi magana a gaban mutane."

"Na ji. Na ce ba, Malam, in an buɗe, shanun wa ke fara sha?"

Shekara da shekaru wannan alfarma ce Lado yake taƙama da ita. Bai taɓa kallonta ta wannan gefen ba.

"Kakanninka ba wawaye ba ne," ta ce. "Sun san abin da ya sa suka sa mai magana a gaba."

"Kansila bai taɓa ba ni kunya ba."

"Kansila ya ci sabulu. Kai za ka ci?"

Ya fita wurin turke ya tsaya yana kallon Ja da Fari. Fari ya miƙo hanci yana lasar hannunsa, yana neman ruwa. Lado ya sami kansa yana wata addu'a da bai taɓa yi ba: Allah ya sa Kansila ya wayi gari da ɗan zazzaɓi. Ba mutuwa ba, ɗan zazzaɓi kawai, wanda zai isa a ce ruwa bai yi ba, ba tare da an ce Lado ya ji tsoron mace ba.

Gari ya waye, Kansila ya fi jiya lafiya. Kafin Lado ya dawo daga masallaci, toron ya kori zakara daga kan dusa, ya ture kwanon koko, yana bin wata agwagwar maƙwabta da nufin da ba na gaisuwa ba. Lado ya dube shi da baƙin ciki.

"Ko sau ɗaya," ya ce masa. "Ko sau ɗaya a rayuwarka."

Da hantsi mutane suka hallara a gaɓar gabas da shanu da tumaki da jakuna, duk a riƙe, duk suna jan igiya saboda sun hango ruwa. Ɗantani ma ya zo, amma shi da sandarsa kaɗai.

"Ina dabbobinka?" Balarabe ya tambaye shi.

"Suna gaishe ka. Sun ce a bar na sarki su fara, kamar yadda aka saba."

Aka ajiye Kansila a tsakiyar fili. Ya miƙe wuya, ya yi huci, ya karkaɗa wutsiya. Babu mai iya cewa wannan tsuntsu ba shi da lafiya. Idanu suka koma kan Lado. Ya gyara murya, ya dubi Balarabe da ke murmushi, ya ce, "Ruwa ya yi." Muryar ba ta fita sosai ba, amma an ji.

Aka buɗe masa hanya. Ya kama igiyar hancin Ja da dama, ta Fari da hagu, ya fara gangarawa. Shanun na sauri, shi yana jan ƙafa.

A daidai inda taɓo ya fara, sai ya ga faifan. Zuwaira ta zo tun da sassafe ta ajiye shi a mashigar shanu, tantabarunta a jere a kai, ta koma gefe cikin mata ta tsaya da mayafinta. Kusa da faifan wata kurciya da ta sha ruwan safe tana juyi a ƙasa da fiffike ɗaya. Gaba kaɗan ga kumfar, kore, mai kauri, tana jiran bakin Fari.

Lado ya dubi kurciyar. Ya dubi Kansila, wanda ya riga ya faɗa ruwa yana iyo. Ya dubi shanunsa, ya nemi ko alama ɗaya da suka yi kama da agwagwa, bai samu ba.

"Tsaya!" ya yi ihu. "Ja, tsaya! Fari!"

Amma sa mai ƙishirwa da ya ga ruwa ba ya jin Hausa. Lado ya kafe dugadugansa a taɓo ya ja baya da duk ƙarfinsa. Fari ya juya gefe saboda zafin igiya. Ja kuwa ya yi gaba, ya ja sarki a zaune kamar garma, hula ta yi nata wuri, takalmi ya yi nasa. Kafin a ankara Lado yana cikin tafki har ƙirji, ya rufe baki gam, ya rungume kan Ja yana ɗaga shi sama da kafaɗa.

"Ku kama mini! Ruwa bai yi ba! Wallahi bai yi ba!"

Ɗantani ne ya fara isa. Ya yi wa Ja wata magana da Fulatanci, ya murɗa masa wutsiya, ya juyo da shi. Wasu suka kama Fari. Masu riƙe da dabbobi suka ja da baya, jakuna na kuka, tumaki na shiga ƙafafun mutane. Aka tsamo Lado kore tun daga gemu har ƙafa. Ja dai ya riga ya sami kurɓa kafin a ɗaga kansa.

Balarabe ya matso yana toshe hanci. "Sarki, yanzu ka ce ya yi, yanzu ka ce bai yi ba. Ga tsuntsu can yana iyo. Wanne za mu ɗauka?"

Lado ya share fuska, ya tofar da abin da ba a so a tambaya. Ya nuna Kansila da yatsa.

"Wancan ba shaida ba ne. Duk abin da aka ba shi ci yake, ya ce lafiya. Shekara nawa yana sa hannu bai karanta ba? Daga yau na tsige shi."

"Kai ka naɗa shi."

"Ni na naɗa, ni na tsige. Kai da ka ce rashin godiya ne, kawo naka shanun su sha. Ka koya musu ɗaga kai tukuna."

Balarabe ya waiga ya dubi shanunsa, ya dubi faifan. Ya ɗan yi tari.

"Ku kawo ƙaya," ya ce wa mutane. "Kuma kowa ya nemo sheburinsa. Wanda ya ce ya ɓata, na san gidan da yake."

Khairiyya ta iso a kan achaɓa kafin azahar. Ta ɗura wa Ja wani baƙin magani mai kama da garin gawayi, ta ce a ɗaure shi a inuwa kada rana ta taɓa shi, a yi ta ba shi ruwan rijiya. Ta ɗebi ruwan tafkin a kwalba don a kai gwaji. Ta dubi Lado, ta ce ya je ya yi wanka da sabulu yanzu-yanzu, ta kuma yi ƙoƙari ƙwarai ba ta yi dariya ba sai da ya shige.

Ja ya kwanta. Kwanaki yana ƙin abinci, idanunsa sun yi rawaya, Lado na zaune a gefensa yana susa, domin ruwan ya bar masa ƙuraje daga wuya har ƙugu. Zuwaira takan kawo masa abinci a can, ta ajiye, ta tsaya tana kallon yadda yake kartar baya da jikin turke.

"Garin nan dai ya sami ɗan ɗanɗano na gaske," ta ce.

"Ki yi ta yi."

"Ai ban fara ba. Sai ka warke."

Rijiyar gida ba ta isa ba, don haka Lado, da susarsa da komai, ya bi sahun masu tonon yashi, ya riƙa kawo ruwa a jarka. A can ya tarar da Balarabe riƙe da shebur a karon farko cikin shekaru, yana tono yana zagin kakannin da suka haɗa su. Da aka fara ganin shamuwa a kan kuka, alamar damina ta kusa, Ja ya miƙe da kansa wata safiya, ya yi tangaɗi, ya sa baki a harawa. Ya rame ƙwarai, kuma huɗar farko ta wuce su. Ta biyu dai da shi aka yi, a hankali, Fari na ɗaukar rabin nauyinsa.

Maganar wanda zai gaji Kansila ta ɗauki zaman gindin ɗorawa da yawa. Wani ya ce a koma ɗan shila kamar da. Zuwaira ta aiko cewa duk wanda ya taɓa mata tantabara, shi za a ba ruwan. Wani ya ce a haɗa kaza da zabuwa da agwagwa da kurciya a yi kwamiti. Khairiyya, da aka tambaye ta, ta ce ko kwamitin ba zai faɗi abin da ke cikin saniya ba. Idan ruwa ya yi kore ya yi kumfa, a rufe kawai, a kawo mata kwalba. Da haka aka tsaya. Lado ya riƙe sarautarsa, sai dai yanzu kwalba yake ɗauka a hammata, kuma har yau dabbobinsa ke fara sha. Shi da kansa ya ce kada a cire wannan.

Kansila kuwa bai san an tsige shi ba. Tun ranar da aka kewaye tafkin ya sami wata kafa a ƙarƙashin ƙaya. Kullum da hantsi yakan bi ta nan ya shiga, ya yi iyonsa shi kaɗai a tsakiyar koren ruwa, ya fito daidai lokacin rabon dusa.